Rasuwar Ruzena, Sandar Fatsar Vendelin Kubat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, ni Vendelin Kubat, direban bas mai ritaya, nake sanar da ƙungiyar masu fatsa ta garin Dubina, da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya tsaya da kofin giya a hannu yana karanta wannan takarda a allon mashayar Kudrna, rasuwar sandar fatsata Ruzena. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a gefen Tafkin Kachak, daf da itacen nan da ya faɗa ruwa, bayan doguwar jinyar da ta sha ba tare da ta kai ƙara ba. Ta rasu tana da shekara talatin da 'yan kai. A hannuna ta cika, kuma a bakin aikin da ba nata ba.

A tsaye nake wannan rubutu, a kan dakalin taga, don haka in kun ga layi ya karkace ku yi mini uzuri. Ni da na yi rabin rayuwata a kujerar bas, na yi sauran rabin a 'yar kujerar bakin tafki, yau zama ya gagare ni. Ina zama sai in ji kamar an kira ni a waje. In na fita kuma ba kowa.

Marigayiya sandar kamun kapar ce tun daga mariƙi har tsini, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Doguwa ce, ta ninka ni tsawo, kalar zuma, mai gaɓa biyu, da mariƙi mai laushi da ya daɗe da ɗaukar shatin yatsuna. Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da sauƙin kai. Kapar kifi ne mai ƙaton ciki da taushin leɓe. In ka finciko shi da sanda mai taurin kai, ƙugiya za ta yaga bakin ta fito, ka tashi a tutar babu. Ruzena ba ta fincika. In kapar ya ja sai ta rusuna masa har zuwa hannuna, ta bi shi tana lallashi, ya yi gabas ta ce to, ya yi yamma ta ce to, har ya gaji don kansa ya kwanta a gefe ya shigo raga. Ban taɓa ganin ta yi gardama da kifi ba, kuma da wuya ka ga kifin da ya ci ta.

Haƙuri kuwa, in da gaske ana dafa dutse da shi, to ita ta dafa har ta sha romo. Sai in ɗora ta a kan 'yan sandunanta biyu masu baki a rabe tun ana ganin tururi a kan ruwa, ta kwanta nan ana yayyafi a kanta, sauro na cin maigidanta, ba za ta motsa ba sai da dalili. Ba mai yawan magana ba ce. Abin da na sani daga bakinta bai wuce uku ba: *fiuuu* in na wurga dafaffiyar masara can tsakiyar tafki, *cilin-cilin* na 'yar ƙararrawar da ke tsininta in baƙo ya taɓa ƙugiya, sai *ƙirrrr* na kwarkwaron zare in baƙon babba ne. Yanzu ko cokali ya faɗi a kicin sai na zabura.

Ita ta ciyar da gidanmu kowace Kirsimeti. Tun da ta shigo hannuna ba mu taɓa bin layin masu gangunan kifi a kasuwa don sayen kapar ba. Namu na tafki ne, da ransa nake kawo shi, ya yi kwanakinsa yana iyo a bahon wankanmu, matata Liba kuma ta ɗauki tawul ta tafi wanka gidan ƙanwarta tana mita.

Maƙiyi ɗaya gare ta a duniya, shi ne Alois Matejka, wanda kowa ya sani da Lojza, aminina tun muna sa gajeren wando. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu magana, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ni na zaɓi kapar, shi ya zaɓi kifin da ake kira shitika, doguwar mafarauciyar nan mai bakin agwagwa cike da haƙora. Sandarsa gajera ce, baƙa, mai tauri, mara kunya kamar mai ita. Shi ba ya zama. Yana wurga cokalin ƙarfe mai ƙyalli da ƙugiya a jiki yana jawowa, yana tafe yana wurgawa, ya kewaye tafkin nan kaf, kuma duk kewayen da zai yi sai ya tsaya a kaina.

"Venda, har yanzu barci take? Taɓa ta mana ka ji ko da sauran rai."

"Wuce, sarkin yawo. Kana kore mini kifi da waɗannan takalman naka."

"Kifi? Aladen ruwa dai. Ka zuba masa masara, ya zo ya ci, ka ce ka yi farauta. Wannan ai kiwo ne, tsoho."

Haka muka tsufa. Bai taɓa faɗin alheri ɗaya a kan marigayiya ba, ni ma ban taɓa raga wa tasa ba, kuma ban san ranar da ɗayanmu ya je tafki bai leƙa ko ɗayan ya iso ba.

A watan Afrilun bana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti sai 'yarsa Jarmila ta ɗauke shi zuwa gidanta. Ya daure har tsakiyar Yuni, ranar da aka buɗe kamun shitika. Ran nan ya ji motocin mutane suna wucewa zuwa tafki, sai ya juya fuska bango, bai sake juyowa ba. A bakin ƙofa Jarmila ta tare ni da faranti a hannu, abincin ko taɓa shi ba a yi ba.

"Kawu Venda, ba ya ci. Likita ya ce jikin zai tashi in mai shi ya so, to shi ne bai so ba. Ka yi masa magana, kai yake ji."

"Ni? 'Yata, tun da aka haifi ubanki bai taɓa jin maganata ba."

Na shiga duk da haka. Na yi zancen ruwan sama, na yi zancen ƙwallo, na yi gulmar shugaban ƙungiya, ko tari bai yi ba. Sandarsa tana rataye a bango a kan ƙusa biyu, ƙura ta fara hawa. Tsofaffin 'yan ƙungiya kun san ƙa'idarmu, don sababbin shiga nake faɗa: ba a taɓa sandar mai rai. Sanda ba ta sauya hannu a Dubina sai ranar da aka bi akwatin mai ita da ita a kafaɗa. Duk wanda ya sauke ta Lojza daga bangon nan ya gaya masa ke nan an gama da shi.

To akwai wata tsohuwar shitika a ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, wadda Lojza ya yi shekaru yana bi tana yi masa wulaƙanci. Gwaggo yake ce mata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Gwaggo tana nan, jiya na ga ta watsa ƙananan kifi. Tunda ka yi murabus ni zan ɗauko ta. Da Ruzena."

Can sai na ga gado yana rawa. Ya juyo da ƙyar, rabin bakinsa a karkace, ido ɗaya yana hawaye, kuma wallahi dariya yake yi.

"Da... wannan... taliyar?" Ya yi tari. "Za ka je wa... Gwaggo... da igiyar shanya?" Sai ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Jarmila! Dawo da miyar nan. Ina son ƙarfin... zagin wani jaki."

A wannan ranar ciwon ajalin marigayiya ya fara. Na san ba a yi ta don wannan aiki ba. Oldrich mai shagon kayan fatsa ya gaya mini, ya ce, "Baba Kubat, ga sandunan shitika nan jere, ɗauki ɗaya mana, kada ka kashe tsohuwa." Na ƙi. In na sayi sandar da ta dace, me Lojza zai zaga? Kuskuren shi ne maganin, kuma kullum sai an sha.

Allah ya sani ta sha wahala. Sandar da ta saba a wurga ta sau ɗaya ta kwanta har azahar, ita ce aka koma wurgawa ba ƙaƙƙautawa daga safe har hannu ya mutu. Tsawonta bai dace da gefen itatuwa ba, don haka mun kama rassa, mun kama kara, mun kama hular wani baƙo daga birni da ke cin burodinsa bai san hawa ba bai san sauka ba. In kuma shitika ta kawo cafka abin ya fi ban tausayi. Bakin shitika ƙashi ne, sai an doka da ƙarfi ƙugiya take shiga. Ruzena kuwa tarbiyya ta hana ta duka. Sai ta rusuna ta ce to, shitika ta ɗanɗana cokali ta tofar ta yi gaba.

Kowace la'asar sai in wuce gidan Jarmila in ba da rahoto, shi kuma yana cin abinci yana wanke ni tas.

"Doka za ka yi, ba gaisuwa ba! Surukarka ce?"

"Na doka, Lojza."

"Ka doka da me, da addu'a? Ka sa wayar ƙarfe a gaban zaren, kada haƙora su yanke shi?"

"Na manta."

"Jarmila, ƙaro dankali. Mutumin nan zai kashe ni."

Kafin Agusta ya fita ya fara zama da kansa. A Satumba yana buga sandar dogarawa a ƙasa in na faɗi wata wautar. Maganarsa ta riƙa miƙewa, kuma zagi ne ya fara dawowa daidai kafin sauran kalmomi. Ni kuma ina murna, ban ɓoye ba, murna irin wadda na manta da ita.

Ita ce take biya. Wayar ƙarfen ta cinye mata zoben tsini. Mahaɗin gaɓoɓinta ya fara wani sabon sauti da ban san ta da shi ba, *ƙiƙ, ƙiƙ*, duk wurgawa. Na naɗe wurin da zare, na shafe da jan farcen Liba, na ce mata ta ƙara haƙuri. Ina jin kukan ina yi kamar ban ji ba, don akwai wanda nake so ya ci abinci fiye da yadda nake son ta huta.

Ranar Talata an tashi da hazo, ciyawa ta yi fari da sanyi. Na wurga cokali gefen itacen, na jawo, sai komai ya tsaya cak kamar na kama ƙasa. Sai ƙasar ta motsa. Gwaggo ce, kuma wannan karon ita ta soka wa kanta ƙugiyar da haɗama. Marigayiya ta yi abin da ta iya, ta rusuna ta ce to. Amma in ka ce wa shitika to, cikin saiwa take nufa. Na ga bayanta a saman ruwa, kore mai ɗigo-ɗigo, tsawonta ya kai ƙafata, tana shigewa ƙarƙashin itacen. Sai na tuna abin da Lojza ya yi wata da watanni yana cusa mini, cewa kada in ba ta ko taki ɗaya. Na danne kwarkwaro da tafin hannu, na ɗaga, na hana Ruzena rusunawa a karo na farko a rayuwarta.

Ta ce *ƙiiiiƙ*. Sannan ta ce *ƙas*. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe.

Zare ya tsinke, Gwaggo ta tafi da cokalin. Na shiga ruwa har ƙugu na ɗauko rabin marigayiya na sama yana iyo, na fito na tsaya ina rawar ɗari da guntu a kowane hannu. Ban ji kunyar hawayen da na yi ba.

Ta rasu ta bar abokin zamanta kwarkwaro, wanda ya yi shiru tun ranar, da 'yar ƙararrawa, da 'yan sanduna biyu masu baki a rabe da ba su da abin tallafa yanzu, da ragar ɗauka, da kujera mai naɗewa, da bokitin dafaffiyar masara da ya fara tsami a rumfar baya har maƙwabta sun aiko a tambaya. Ta bar bahon wanka da zai ga Kirsimeti ba baƙo. Ta bar Liba, wadda rashin ya fi taɓawa ta wata fuska, don jiya ta tsaya a gabana da tsintsiya ta ce, "Venda, ko ka zauna ko ka fita, ka zaɓi ɗaya. Ka cinye mini darduma da sintiri." Ta kuma bar ni.

Saura abin da ya sa na kasa zama, kuma gara in faɗa tunda rabin gari ya riga ya ji. Ranar Laraba na sa guntayen biyu a buhu na kai wa Lojza. Na shirya tsaf. Na san zai ce taliya ta dahu, zai ce ya faɗa tun farko, zai kira Jarmila ta zo ta ga gawar igiyar shanya, har na tanadi abin da zan mayar masa. Na zazzage buhun a kan bargonsa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa hannun hagu ya shafa wurin da ta karye, ya taɓa zaren da jan farcen.

"Ka yi haƙuri, Venda," ya ce. "Sandar kirki ce."

Na tsaya ina jiran sauran.

"Ni na kashe maka ita. Na san abin da kake yi tun ranar farko, ba wawa ba ne ni. Ya isa haka. Sayi wata ta kapar ka koma kujerarka, ka ji."

Ya juya fuska bango. Tun muna yara mutumin nan bai taɓa ba ni haƙuri ba, ko ranar da ya jefa kekena a rafi. Na yi tuƙi a kan ƙanƙara da bas cike da mutane, ban ji tsoron da na ji a ɗakin nan ba. Jarmila ta ce faranti ya koma fitowa yadda ya shiga.

Tun daga nan kullum ina shagon Oldrich kafin ya gama buɗe ƙofa. In ɗauki wannan in girgiza, in ajiye, in ɗauki waccan. Na kapar na zamani suna nan, sirara, baƙaƙe, marasa nauyi, da wata na'ura mai ƙara kamar babbar mota tana ja da baya. In na sayi ɗaya na bi umarninsa ke nan, na koma kujera, shi kuma ya zauna da bangonsa. Na shitika ma suna nan, gajeru masu tauri, irin wadda ya kamata. In na sayi ɗaya na kama kifi da ita, ba abin da zai ce mini sai sannu da ƙoƙari, ni kuwa na ji yadda kirkin Lojza yake, ba na son ƙari. In fita in kewaya dandali in dawo in sake girgizawa.

"Baba Kubat, wannan tun safe kake kaɗa ta, za ta yi amai," in ji Oldrich.

A nan idona ya faɗa kan wata a lungu, ja wur, kaurinta kamar ƙotar fartanya. Wani ne ya sa a kawo masa don zuwa teku, bai dawo ɗauka ba.

"Waccan fa?"

"Ta jan kifin teku ce mai girman ɗan maraƙi. Wanda ya je wa shitika da ita sai a duba kansa."

"Ajiye mini ita."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gefen Tafkin Kachak, daidai inda ta faɗi. Ba a bukatar furanni. Mai son girmama marigayiya ya zo da dafaffiyar masara cikin tafin hannu ya watsa a ruwa, ko ya ɗiba daga bokitina, zai taimaki unguwa. Kudrna zai kawo tukunyar miyar tafarnuwa da burodi, giya kuma kowa ya ji da kansa. Ana roƙon masu na'ura mai ƙara su kashe ta.

Bayan an rufe ta, Oldrich zai shimfiɗa sandunansa a kan ciyawa, ni kuma zan zaɓi magajiyarta a gaban jama'a. Don kada a ce na yi a ɓoye, ga abin da na yanke. Jar nan ta teku zan ɗauka, kuma da ita zan koma wa Gwaggo a ranar. Ba zan sa wayar ƙarfe ba, don na gano camfi ne kawai na masu yawo. Cokali ma na daina. Masara zan sa mata, domin bayan dogon nazari na tabbatar shitika ba komai ba ce illa kapar da bai samu abinci ba. Zan kuma yi a zaune.

In akwai wani a garin nan da yake ganin ya fi ni sani, ya zo bakin kabari ya faɗa mini a fuskata. Ba na karɓar saƙo ta bakin 'ya, ba na karɓar takarda. Ni da shugaban ƙungiya mun shimfiɗa katako a kan taɓon hanyar madatsa tun daga titi har gindin itacen, faɗinsa ya ishi keken marasa lafiya, na gwada da baro. Akwai bargo, akwai masu turawa. Marigayiya ba za ta shiga ƙasa ba sai maƙiyinta ya halarta, haka mutunci ya ce. Zan tsaya da shebur a hannu har ya zo, kuma a sani ƙasa ta fara daskarewa, ni ma ba yaro ba ne.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu cika a bakin aikin da yake namu.

Jarmila, 'yata, cire wannan takarda daga allo ki kai masa. Ki karanta da ƙarfi, kada ki tsallake zancen masarar. In ya yi shiru ki sake daga farko. In ya zage ni, ki ɗora miya.